Jan Fenti a Ƙarƙashin Fari

Shafi na 23

Masu aiko min saƙo cewa in yafe in bar wa Allah, na gani, na gode. Ba ɗan'uwanku aka kira mashayi a rediyo ba. Sababbin zuwa kuma ku matso in taƙaita muku. Sunana Floridalma, fentin bas nake yi a garejin babana a garin Ciudad Vieja, ƙasar Guatemala. Yayana Nery direba ne. Shekara biyu ke nan da bas ta ƙwace masa a gangaren shiga Antigua, ya mutu tare da fasinja goma. Mai motar, Don Otoniel Barrios, ya ce a buge yake. Motar da ya rantse an yanka an sayar wa 'yan gwangwan, ita ce ya gyara ya kawo mana da sunan sabuwa, wai mu mayar da ita fara fat. Na gane ta tun ranar da sanfefa ta ci ta tarar da koren da na fesa da hannuna. To, mu je.

Ranar Alhamis ce, saura kwana uku bikin San Kiristobal, waliyyin direbobi. Ina kan tsani ina ɓare jaridun da muka manna a gilasai, sai na ji an dire wani abu a ƙasa da ƙarfi. Baba ne. Gwangwanin fentin toshiya ya dire, wanda ake fesawa tsakanin tsohon fenti da sabo don kada na ƙasa ya ɓullo.

"Sauko, Flori."

"Ina aiki, Baba."

"Na ce ki sauko."

Duk garin nan an san babana Don Eulalio ba ya faɗin magana sau uku. Na sauko.

"Ɗaga wannan."

Na ɗaga. Cike yake, ko murfin ba a taɓa ba.

"Na bayan motar ne. Kin ce min kin fesa."

"Ƙofar ba ta buƙata."

"Shekara arba'in da ɗaya ina wannan aiki, yau 'yar cikina ce za ta gaya min abin da ƙofa ke buƙata." Ya sa hannu a aljihu ya fito da ƙaramin buroshi. "Wannan kuma a bayan durom na tsince shi. Ba ki iya wanke buroshi ba har yau. Me ja ke yi a motar da aka ce fara?"

Na ajiye gwangwanin.

Ba kowane ja ba ne. Shi ne jan nan mai araha da ake shafa wa ƙofofin gida da amalanke. Darasin farko da Baba ya koya mana ni da Nery a kansa ne: kada ka kuskura ka ɗora fari a kansa ba toshiya. Ka fesa fari sau biyar in ka ga dama, zai kwanta lamo, ranar da zafi ya tashe shi zai huda ya fito. Na gwada a tsofaffin ƙarafa har sau bakwai kafin in taɓa motar. In ka bar jan ya bushe kwana huɗu, ka bi shi da fari sama-sama, a inuwa ba abin da za a gani. Awa biyu ko uku a rana kuwa, sai ya fito har makaho ya karanta.

"Me kika rubuta?" Baba ya tambaya.

"Layi uku ne kawai."

"Faɗa min."

"Nery bai sha giya ba. Birki ne babu. Otoniel ya sani."

Ya laluba bokiti ya kife ya zauna. Na ɗauka tsoro ne kawai irin na tsofaffi.

"Kin san me kike yi kuwa?"

"Na sani sarai. Bana motarsa ce za ta ɗauki mutum-mutumin waliyyi, ita ce a gaba. Bas arba'in a bayanta, da Fada limamin coci, da duk mai ƙafa a garin nan. Awa uku suna tafiyar kunkuru cikin rana, ba abin da ke gabansu sai wannan ƙofa."

"Flori..."

"Matan da aka kashe wa mazaje za su zo. Mama ma za ta zo, na sa ta yi min alkawari. Shekara biyu, Baba. Shekara biyu Mama ba ta shiga kasuwa sai ta lulluɓe kai kamar ita ta yi sata. An tofa mata yawu a bakin coci, kana tsaye."

"Ba ki san Otoniel ba."

"Na san shi. Shi ya ɗauki kan akwatin gawar, yana sharar hawaye da hankici mai turare."

"Zai ce haukar mace ce. Rubutu a ƙofa ba shaida ba ne. Kowa ma zai iya ɗaukar buroshi."

"Ina da shaida."

Ya ɗago kai.

Na je bayan tarin tsofaffin kujeru na yaye tamfol, na gangaro da wilin motar. Na ƙafar baya ne ta hagu. Ranar da muka kwance ƙafafun motar na canza shi da wani na ɓoye wannan, ban gaya wa kowa ba. Na jingina shi a gabansa ina ji da kaina, kamar ɗalibar da ta kawo wa malami sakamako.

"Duba nan. Na goge a hankali da ruwa. Ka ga yadda fentin ƙasa ya tattare kamar fatar madarar da ta huce?"

Bai duba ba.

"Man birki ne kaɗai ke cin fenti haka, kai ka koya min. Kuma ba aikin kwana ɗaya ba ne, sati da sati yana yoyo. Nery ya gaya min birkin na nutsewa, ya ce sau uku yana faɗa wa Otoniel. Yanzu ga shi a ƙarfe."

"Mayar da shi inda kika ɗauko."

"Tsaya, ba ka ga mai daɗin ba. An bi kansa da fenti ruwan azurfa an rufe. Ka ga gurzar kwalta? A saman azurfar take. Wato tun kafin hatsarin aka rufe shi. Sun gani da idonsu, Baba, suka shafe da fenti suka ba shi mukulli."

Na jiƙa tsumma na goge wurin don ya fi fitowa, na juya wilin zuwa hasken da ke shigowa ta hujin kwano.

Nan hannuna ya tsaya.

Duk masu fentin garin nan yadda ruwan azurfa ya fito daga gwangwani haka suke fesa shi. Mutum ɗaya ne ke ɗiga masa shuɗi, murfi ɗaya a galan, wai don kada wili ya yi kama da tukunyar dafa wake. Tun ina 'yar shekara tara nake riƙe masa murfin. Sati uku ina kallon wilin nan a duhun bayan kujeru, ban taɓa fito da shi haske ba.

Na sake gogewa. Shuɗin bai tafi ba.

"Baba."

Ya kawar da kai.

"Baba, wa ya fesa wannan?"

"Ki zauna."

"Ba zan zauna ba. Wa ka ara wa haɗinka?"

"Ban taɓa ara wa kowa ba."

Ban san ana jin sanyi a cikin haƙora ba sai ranar. Na jingina da motar, na ma manta fentinta bai gama bushewa ba.

"Ranar Juma'a ce," in ji shi, idonsa na ƙasa. "Kin tafi sayo kaya birnin Guatemala. Otoniel ya kawo ta da tsakar rana, ya ce masu duba motoci za su tsaya a tasha ranar Litinin. Ya ce an yi odar kayan birkin, Talata za su iso. Kwana huɗu kawai, Eulalio, in ji shi. Ka ɗan bi min wilin nan kada su gani."

"Ka bi masa."

"Kompadre na ne, Flori. Shi ya riƙe Nery ranar baftisma. A gaban Allah muka ƙulla wannan zumunci. Mutum ba ya ce wa kompadre a'a."

"Ranar Lahadi Nery ya mutu."

"Na sani."

"Ya sani? Nery ya san ka rufe?"

Ya nuna ƙasa da yatsa.

"Yana tsaye a nan inda kike. Ya ce, Baba kada ka rufe. Ka bar su su gani su tsayar da ita, ni ma in huta."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce ubangidanka ne na baftisma, ba zai jefa ka wuta ba. Na ce ya daina tsoro kamar sabon direba."

Ku da kuke karatu, kada wanda ya rubuto min cewa uba uba ne. Na san uba ne. Shi ya ɗora ni a wuya ranar da na fara ganin jerin gwanon San Kiristobal, shi ya riƙe hannuna ranar da na ja layin zinare na farko. A wannan minti na tsane shi fiye da Otoniel, kuma ba zan ɓoye muku ba. Otoniel mugu ne da lasisinsa, ban taɓa sa ran komai daga gare shi ba. Wannan kuwa kullum da safe tare muke shan kofi.

"Da aka ce a rediyo a buge yake, kana ina?"

"Ina gida."

"Kana gida. Da Mama ta daina cin abinci fa? Da ta tambaye ka ko da gaske ɗanta yana sha a ɓoye, me ka ce mata?"

"Na ce Allah ne masani."

"Allah da kai."

"In na yi magana ni ma ɗaure ni za a yi. Wa zai riƙe ku?"

"Ka riƙe mu da kyau, Baba. Sannu da ƙoƙari."

Na juya na nufi bayan durom. Sauran jan yana nan a gwangwanin madara inda na ɓoye shi. Na fizge buroshin daga hannunsa.

Ƙasan ƙofar baya, saman bamba, akwai wani faifan ƙarfe mai faɗin tafin hannu biyu. Mai walda ya makara da shi, don haka shi kaɗai ya rage da fentin farko mai ruwan toka, yau nake shirin yi masa fari. Na durƙusa a gabansa.

"Flori, me za ki yi?"

"Layi na huɗu."

Ban taɓa rubuta haruffa masu kyau irin waɗannan ba, ko a motar da aka biya mu ninki. Ya tsaya a bayana yana kallon sunansa na fitowa harafi bayan harafi.

EULALIO NE YA RUFE.

Na miƙe na goge hannu a wando.

"Kai za ka fesa farin."

"'Yata..."

"Kada ka kira ni haka yau. Ai ka iya rufewa. Ka rufe wannan ma, ba toshiya, da hannunka."

Ya daɗe yana kallon rubutun. Na zaci zai roƙe ni, na ma shirya amsar da zan ba shi. Da ya buɗe baki, maganar aiki ya yi.

"Bai bushe ba. Kwana huɗu yake so."

"Awa ɗaya ta ishe ka."

"Kin fi ni sanin abin da zai faru."

"Motar na inuwa har Lahadi. Ba abin da zai faru."

Na sani. Na rantse muku na sani. Sau bakwai na gwada, kuma na farkon da ya lalace saboda gaggawa ne. Amma ina so in ga ya yi shi a ranar, ina tsaye, kafin zuciyata ta huce ta fara ba shi uzuri. Awa ɗaya muka yi, shi a kan bokiti, ni ina ɓare jarida kamar zan ɓare gilashin da ita.

Sannan ya tashi ya tace fari ya zuba, ya tada kwamfuresa, ya ɗauki bindigar feshi. Hagu zuwa dama, dama zuwa hagu, tazararsa ɗaya kamar kullum. Sau uku ya bi. Sunan ya dusashe, ya ɓace, faifan ya yi fari tas daidai da ƙofar. Na ji daɗi, daɗi mai ɗaci.

Yana rataye bindigar aka danna hon a bakin gareji.

"Kompadre, kana ciki ko fenti ya shaƙe ka?"

Don Otoniel ne, da farar hularsa da takalmin nan nasa mai tsini. Sai Asabar muke sa ransa. Na yi wuf na ja tamfol na rufe wilin.

"Sannu da zuwa, kompadre," in ji Baba. Muryarsa ba ta canza ba ko kaɗan, sai na gane yadda ya iya zama da mu shekara biyu.

"Ina amaryata?" Ya dubi motar. "Kai, kai, kai. Flori, hannun nan naki ya fi na tsohon nan. Ki bar shi ki zo in buɗe miki gareji."

"Na gode, Don Otoniel. Nan ma ya ishe ni."

"Kullum fuska a ɗaure. Haka za ki kori mazan garin nan kaf."

Ya zagaya motar yana shafa ciki. Ya kai bayan yatsa ya taɓa gefen motar, ya janye, ya dubi yatsan.

"Tana kama hannu."

"Kwana biyu take so," na ce.

"Ba ni da kwana biyu. Gobe da sassafe masu ƙarafan ado za su zo, jibi masu furanni. Wace irin shanya ce wannan a inuwa? Ko tufafi a rana ake shanya su."

"Ƙura za ta hau ta."

"An yayyafa wa titi ruwa, da idona na gani."

"Ƙudaje fa? In suka manne sai an sake gogewa."

"Sai ki tsaya ki kore su, aikinki ne."

"Hadari na iya haɗuwa."

Ya ɗaga kai ya dubi dutsen Agua ta ƙofar gareji. Ko ɗigon gajimare babu a kansa. Mako guda ke nan ruwa ya ɗauke, irin ɗaukewar nan ta tsakiyar damina.

"Eulalio, 'yarka ta koma mai duba. Ina mukulli?"

"Yana jiki," in ji Baba.

Na dube shi, bai dube ni ba.

Da kansa ya hau ya tada ta. Garejinmu wuri ɗaya rana ke samu da hantsi, bakin ƙofa. Ya yi baya a hankali har gindin motar ya fita waje ya tsaya a kan dakalin titi, ƙofar baya tana fuskantar shagon abincin Doña Mirna da ke tsallake, inda direbobi ke taruwa da sha biyu. Ya kashe ya sauko. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti goma.

In abin ya fito yau, shi zai fara gani. Ya mayar da motar ciki, ya sa a shafe, ranar Lahadi ta fito tas da waliyyi a kanta, Nery ya ci gaba da zama mashayi har abada. Na yi lissafi a raina: ƙofar za ta iya jure awa biyu. In ya tafi da wuri zan mayar da ita inuwa.

Bai tafi ba. Ya jawo bokitin da Baba ya tashi a kai, ya kai shi inuwar bishiyar bakin titi, ya zauna daidai bayan motar.

"Mirna," ya kira, "kunun masara ɗaya, da wake a kan wainar tortiya. Yau ni ne mai gadin ƙudaje."

Na hau motar kamar zan kwashe sauran jarida. Na zare mukullin, na sauko ta gaba, na sake shi cikin durom ɗin dattin fenti. Ban san amfanin da zai yi min ba, hannuna ne ya yi.

Da na fito yana shan kunu yana zuba.

"Na yi wa Fada magana, kompadre. Ranar Lahadi zai ambaci sunan Nery a addu'a. Wasu sun ce kada in yi, bayan abin da ya jawo min. Na ce a'a, yaro ne, kwalba ce ta rinjaye shi. Ni na riƙe shi ranar baftisma, ba zan yar da shi don ya yi kuskure ba."

"Allah ya saka," in ji Baba.

"Flori, ba ki ce komai ba."

"Allah ya saka maka daidai da abin da ka yi, Don Otoniel."

"Amin, 'yata."

Sha ɗaya da rabi. Zafi ya fara tashi daga kwalta, warin sabon fenti ya cika titi. Ina tsaye da tsumma ina korar ƙudajen da babu su, idona na kan ƙofar. Fara ce tas. Na ce a raina, ki jure, ki jure min.

Ƙofar nake tsaro, na manta da ƙasanta.

"Eulalio," in ji Don Otoniel, cokali a hannu, "wancan wurin datti ne ko idona ne?"

Na sauke ido. A kan faifan, ta hagu, wani ruwan hoda-hoda ya fara tasowa. Zane ɗaya a tsaye, uku a kwance. Kusa da shi wani na biye.

"Inuwar bishiya ce," na ce.

"Inuwa mai ruwan hoda?"

Ya ajiye kwanon ya tashi. Ya sunkuya, hannu a gwiwa. Muna tsaye mu uku muna kallo, abin yana ƙara nuna a gabanmu kamar ana hura masa wuta.

"E," ya karanta. "U. L." Ya yi 'yar dariya. "Kompadre, yanzu a gindin mota kake sa hannu?"

Sauran haruffan suka biyo. Na ga leɓensa na motsi har ya kai ƙarshe, na ga dariyar ta bar fuskarsa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana kawo motoci fenti ba sai an yi masa bayani ba. Ya miƙe a hankali, ya ɗaga ido ya dubi faffaɗar farar ƙofar da ke samansa.

"Me ke can?"

Na ci gaba da korar ƙuda.

"Flori, da ke nake. Me ke ƙarƙashin can?"

"Ka zauna ka ƙarasa kununka. Nan da awa ɗaya za ka karanta da kanka."

Ya waiga tsallaken titi. Bas biyu sun riga sun tsaya, direbobi da kwandastoci na wanke hannu a bakin shagon Doña Mirna. Ya nufi ƙofar direba da sauri, ya hau, ya sauko.

"Ina mukulli?"

"Yana cikin durom ɗin can. Ka naɗe hannun riga, da ɗan zurfi."

Na zaci zai mare ni. Na ma so ya mare ni a gaban mutane. Amma Otoniel ba ya ɓata hannu a inda magana za ta yi masa aiki. Ya juya ga Baba, ya sassauta murya.

"Kompadre, ɗauko baƙin fenti. Ƙofar da faifan duka, yanzu. Gobe a sake fari."

Baba bai motsa ba.

"Ko in gaya wa 'yarka abin da ka yi min wata Juma'a?"

"Ta sani. Ita ta rubuta."

"To Tencha fa? Ita ma ta sani?" Tencha ita ce Mama. "Minti biyar ne daga nan zuwa gidanka. In je in gaya mata wanda ya tura ɗanta gangare? Ni ina da lauyoyi, Eulalio. Kai me kake da shi?"

Na ga kafaɗun Baba sun sauka. Ya juya ya shiga gareji.

"Baba," na ce.

Bai waigo ba. Ya tsaya a teburin haɗi ya ba mu baya. Na ji ƙarar murfin gwangwani, na ji ana tsiyaya. Kwamfuresa ta tashi.

Na haye bamba na manna bayana da ƙofar, na ware hannuwa. Ƙarfen ya yi zafi, fentin na kama rigata. Tsallaken titi an fara juyowa, wani direba mai suna Wilfido, abokin Nery, ya taso da tortiya a hannu yana leƙe.

Baba ya fito yana jan tiyon iska a bayansa. Ya tsaya a gabana ya ɗaga bindigar feshin.

"Matsa, Flori."

"Sau biyu, Baba? Sau biyu za ka rufe shi?"

"Matsa."

"Sai dai ka fesa a kaina."

"Fesa mata mana," in ji Don Otoniel. "Ruwan tina zai wanke ta."

Baba ya ɗan matsa kunamar a iska, gwajin da yake yi kullum kafin ya fara. Feshin ya bi ta gefen fuskata.

Cikin fenti aka haife ni, hancina ba ya kuskure. Baƙin fenti yana da nauyi, yana da warinsa. Wannan ba launi a cikinsa ko ɗigo. Tina ne zalla, ruwan tsinka fenti mai ƙarfin nan da ke narka fari ya jawo jan da ke ƙasa cikin minti ɗaya.

Na dube shi. Idanunsa sun yi ja, amma hannun na nan daram.

"Sauka," ya ce, yadda ni kaɗai zan ji. "Ki ruga gida ki gaya wa uwarki da bakinki, kafin titi ya gaya mata."

Na sauka.

Ya fara daga sama, hagu zuwa dama. Farin ya yi laushi, ya tattare, sunan NERY ya fito ja wur, kowane harafi tsawon hannu.

Tsallaken titi wani ya fara karantawa da ƙarfi.

Baba ya sauko layi na biyu.

Hannun Don Otoniel ya tafi bayan ƙugunsa, inda yake soke bindiga.